Ajin da Na Koya wa Shiru

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa motar da ta ɗauke ka daga Daura ta sauke ka Zango lafiya, mai babur kuma ya ƙarasa da kai ƙauyen bai kayar da kai a laka ba. Allah Ya tsare ka a inda idona ba ya kaiwa, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa ruwan garin ya karɓe ka. Amin.

Labarin gida ba zan ɓata takarda a kansa ba. Kowa lafiya, ƙanwarka kuma na san ta cika maka waya da abin da ya faru da wanda bai faru ba. Za ka yi dariya ka ce Umma ta tsufa, ga waya a hannu tana rubuta wasiƙa. Yi dariyarka. Abin da zan gaya maka na gwada faɗarsa da baki sau uku kafin ka tafi, kowane karo sai harshena ya yi nauyi, in ɓige da tambayarka ko ka ɗauki gidan sauro.

Ka tafi da fushi, kada ka musa, ni na haife ka, na san yadda kake taune leɓe. Ka roƙe ni littattafan da na shirya darussa a cikinsu tun ina sabuwar malama, waɗanda ke cikin akwatin ƙarfe, na hana ka. Ka ɗauka rowa ce. Tsoro ne, Abba. Ka tuna hutun nan da ka tara yaran maƙwabta a zaure kana yi musu darasi? Ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji ka ƙwanƙwasa allo sau biyu ka ce, "Shiru!" Faifan ya kusa suɓucewa daga hannuna. Muryata na ji ta fito daga bakinka, har yadda nake jan ƙarshen kalmar. Yaran suka ɗauke wuta gaba ɗaya. Ka shigo kana washe baki ka ce, "Umma, kin ji? Irin naki na yi musu." Ni kuwa na ɗauka tun kana ƙarami na bar wannan muryar, ashe ta biyo ni gida. Yanzu an damƙa maka aji naka na kanka, ina tsoron ka koyar yadda na koyar. Saboda haka ko kana fushi, zauna ka karanta.

Kuskurena na farko, na ɗauka shiru shi ne karatu.

Kana nono aka mayar da ni wata firamare a wani ƙauye bayan Baure, aka ba ni aji uku. Yara sittin da 'yan kai, benci bai kai goma ba, saura a kan buhu suke zama. Ranar farko hayaniyarsu ta sa ni ciwon kai, na rantse sai na gyara su. Na kuwa gyara su. Na karyo tsumagiyar darbejiya na kafa dokoki: ba magana sai na tambaya, ba tambaya sai na ba da izini, izinin kuma ban taɓa bayarwa ba. Wanda tari ya kama ya fita waje ya gama ya dawo. Kafin wata biyu, in na ƙwanƙwasa allo sau biyu ko numfashi a hankali suke yi. Suka sa mini suna Malama Shiru. Sunan ya zo kunnena, na yi murna da shi, ka ji wauta.

Ajin yana can ƙarshen makaranta, gonar gero ta kewaye shi ta gefe uku. Da damina geron yakan wuce taga, sai ɗakin ya yi duhu-duhu da rana tsaka. Ba abin da za ka ji sai ganyen gero yana gogar juna da ƙarar allina. Kurciya ta yi sheƙa a katakon rufi har ta ƙyanƙyashe, ba ta taɓa tashi don mu ba. Wata rana akuya ta shigo ta kwanta tsakanin yara tana tuƙa, ta fi awa guda a wurin, ba wanda ya juya ya dube ta, ba wanda ya yi ko murmushi. Yara 'yan shekara takwas da tara fa, Abba. Matan da ke wucewa zuwa rijiya in sun zo saitin ajina sai su rage murya su ƙara sauri. Na tare ɗaya na tambaye ta dalili, ta ce, "Wallahi Malama, ji muke kamar ba kowa a ciki, sai mun leƙa mu ga idanu." Na ɗauki maganarta yabo. Mai duba makarantu ma da ya zo cewa ya yi bai taɓa ganin aji mai ladabi irin nawa ba, na kwana biyu ina taƙama.

In ajinka ya yi tsit har kana jin ƙarar alli, kada ka yi murna, tsaya ka binciki abin da ya faru. Yaro mai lafiya yana motsi, yana taɓa na kusa da shi, yana tambayar abin da bai shafe shi ba. Kada ka kashe hayaniyar, ka nema mata aikin yi.

Wanda ya san haka yana nan kusa da ni, na raina shi. Malam Isiyaku sunansa, wani dattijo siriri mai tsohon keke, ɗan ƙauyen, shi ke da aji huɗu can ɗaya gefen fili. Ajinsa kullum kamar ranar kasuwa. In zai koyar da awo sai ya kwashi yara su tafi bakin rijiya, su zura igiyar guga har ƙasa, su jawo ta su auna da gaba da kamu, a yi ta musu a kan gabar wa ta fi tsawo, daga nan ya fito da ma'auni ya nuna musu dalilin da ya sa aka ƙirƙiro shi. Tagoginsa cike suke da gwangwanayen madara, kowane yaro da wakensa da ya shuka, kowace safiya su auna su rubuta. 'Ya'yan makiyaya, waɗanda a ajina suke can baya kamar ba a haife su da baki ba, shi tsayar da su yake a gaban allo su faɗi sunayen launin shanu, saura su rubuta. Wani lokaci da gangan zai yi kure a allo. Ajin ya ɗauka, "Malam, ba haka ba ne!" Ya dafe kai ya ce, "Kai, tsufa bai yi ba! To wa zai cece ni?" Sai ka ga hannaye sama har ana tsalle.

Na ce wa hedimasta wannan ba malami ba ne, sarkin wasa ne. Shi kuwa Malam Isiyaku wata rana ya tsayar da kekensa ya gaishe ni ya ce, "Malama, kada ki ji haushi. Ni fa ajinki tsoro yake ba ni. In na zo wucewa sai in ji kamar in yi irin sallamar da ake yi wa mutanen maƙabarta." Na yi mako ban gaishe shi ba.

Kai kada ka yi irin girman kaina. In ka tarar da tsohon malami da yara ke bi da gudu, ɗauki kujera ka zauna a bayan ajinsa, ko da takardarka ta fi tasa. Kuma kada ka naɗe hannu kana jiran a kawo maka kayan aiki daga ofis. Ga rijiya, ga gona, ga ɓawon gyaɗa, ga inuwar bishiya da ke gajarta tana tsawo, ga tsoffin gari da suka san yadda aka sari wurin. Wayar nan da ba ka rabuwa da ita ma ta yi amfani: ɗauki muryarsu suna karatu ka kunna musu su ji kansu, za ka ga yadda za su yi rububin gyara kurensu. Amma kada ka ɗaga ta sama su yi ta kallo baki buɗe, ka ce ka kawo sabon salo. Wannan ajina ne ka maimaita, alli kawai ka sauya.

Kuskurena na biyu, bayana suka fi sani fiye da fuskata. Yadda nake koyarwa shi ne in juya ga allo ina rubutu ina faɗa, su maimaita. In ce, "Biyu sau ɗaya," su ce, "Biyu." In ce, "Babban birnin jiharmu," su ce, "Katsina." Murya ɗaya, ba mai riga wani, ba mai makara. Littattafan da kake roƙo abin da ke ciki ke nan daga bango zuwa bango: abin da zan faɗa, da abin da za su amsa. Ba shafi ɗaya da na bar wa abin da yaro zai iya cewa da kansa.

Wata safiya hedimasta ya tsare ni a ofis, na makara shiga aji. Ina tahowa ta gefen gonar na ji suna karatu. Na tsaya a bayan taga. Suka ce, "Biyu." Sai shiru. Suka ce, "Huɗu." Sai shiru. "Shida." Ba wanda ke ja musu. Shirun da suke yi tsakani daidai yake da tsawon maganata, har wurin da nakan tsaya in share allo da tsumma sai da suka jira. Na leƙa ta tsakanin ganyen gero. Dukansu sun miƙe wuya suna kallon wuri ɗaya a gaban allo, inda nakan tsaya, idanunsu na bin wani abu daga hagu zuwa dama kamar akwai hannu yana rubutu. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye maka ba. Amma da na shiga sai na danne tsoron, na ce wa raina ai tarbiyya ke nan, ko ba na nan ajina yana tafiya.

Ka ga, aji in yana iya tafiya haka ba tare da kai ba, to ba ya buƙatar su ma, kowane yaro za a iya cire shi a sa wani. Ka riƙa fuskantarsu. Ka jera bencin a kewaye yadda za su ga juna, kai ma ka zauna a ciki. Kowace rana ka yi musu aƙalla tambaya ɗaya wadda kai kanka ba ka san amsarta ba: me kakarka take yi in kunama ta harbi mutum, ta ina ruwa ke bi in ya sauka a unguwarku, me ya sa kake ganin tururuwa ke kwashe ƙwai kafin hadari. In yaro ya ba da amsar da ba daidai ba, tambaye shi ta ina ya biyo. Sau da yawa hanyar da ya biyo ta fi amsar daɗin ji.

Yanzu na zo kan na uku. Na ajiye biro na sha ruwa kafin in ci gaba.

Ban san sunayensu ba. A Baure nake zaune, kullum da safe in zo, ana tashi in kama hanya don in same ka, ban taɓa shan ruwan gidan kowa a ƙauyen ba. Kiran suna sittin yana cin lokaci, sai na ba kowa lamba. Da safe in buɗe rajista, in sunkuyar da kai, in ce, "Ɗaya." A ce, "Ga ni, Malama." In ja alama. "Biyu." "Ga ni, Malama." Ba na ɗaga kai har in kai ƙarshe. Don in kashe fashi kuma na kafa wata doka da nake ganin dabara ce: duk wanda abokin zamansa bai zo ba, shi zai sha bulala biyu, don me bai biya ya taho da shi ba. Daga ranar fashi ya ƙare a ajina. Rajistata ta fi ta kowa tsabta a makarantar.

Cikin daminar nan, lokacin da zazzaɓi ke kwantar da yara, wata rana da hantsi ina rubutu na ji sallama a bakin ƙofa. Wata tsohuwa ce 'yar makiyaya, daga rugar da ke hayin rafi, ƙafafunta duk laka. Tana riƙe da littafin karatu irin wanda makaranta ke ba yara aro, ta naɗe shi a leda. Na fita na ce, "Inna, lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau, Malama. Littafin gwamnati na kawo, kada ya zama nauyi a kan yarinyar. Na Dije ne, jikata."

Na duba bangon littafin, ga lambar da na rubuta da hannuna, ashirin da bakwai. Na ce, "Ai sai ki bar mata, ba a gama zangon karatu ba. Cire ta za ku yi?"

Ta dube ni ta ce, "Ashe ba ki ji ba? Allah Ya karɓi abinsa. Yau kwana goma sha ɗaya da muka kai ta. Da tuni na zo, rafi ne ya hana tsohuwa irina."

Na ce mata ba zai yiwu ba, ta yi kuskuren aji. Na koma ciki na ɗauko rajista don in nuna mata, ko da yake ba karatu ta iya ba. Na bi layin ashirin da bakwai da yatsa. Alama tana nan jiya, tana nan shekaranjiya, tana nan duk makon da ya wuce. Tana nan a safiyar ranar, da hannuna na ja ta. Kuma na tuna muryar, Abba, siririya, daga wajen taga ta biyu. Da kunnena na ji ta awa biyu kafin nan. Tsohuwar ta miƙa mini littafin ta ce Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya, ta juya ta bi ta cikin geron.

Na shiga aji na dubi benci na wajen taga ta biyu. Yara huɗu sun matsu a kansa kamar za su faɗo, amma a tsakiya sun bar gurbin mutum ɗaya, ba wanda ko zanensa ya taɓa wurin. Kwana goma sha ɗaya gurbin yana nan ban gani ba. Na ce, "Wa ke amsa ashirin da bakwai?" Shiru. Na ce, "Na ba da izini, ku yi magana." Shiru. Na yar da tsumagiyar ta taga, na rantse musu ba zan taɓa kowa ba. Idanun yara sittin suna kallona, ba wanda leɓensa ya motsa. Ni na koya musu haka, sun kuma koya da kyau. A ranar na san tsoron da matan rijiya suke ji.

Washegari na buɗe rajista, amma ban sunkuya ba. Ina kiran lamba ina neman bakin da zai amsa, a nan na gane ko rabin fuskokin ban sani ba. Da na zo ashirin da shida aka amsa, na tsallake na ce ashirin da takwas. Ba a amsa ba. Ajin gaba ɗaya ya yi shiru na ɗan lokaci, daidai tsawon "Ga ni, Malama," sannan mai ashirin da takwas ta amsa. Haka suka yi ta yi har ƙarshen zango. Ban sake sunkuyar da kai a kan rajista ba har na yi ritaya, kuma gaskiya ba don kirki kaɗai ba ne, ban so in gwada in ji abin da zan ji.

Na san me za ka ce, don ni ma musulma ce, na san wanda ya tafi ba ya dawowa. Shekaru bayan haka na haɗu da abokiyar zaman Dije a wani gidan suna a Baure, Lantana, ta zama uwa da goyonta. Ita ta gane ni ta durƙusa. Na ja ta gefe na tambaye ta. Ta ce, "Malama, ki yafe mini. Ranar farko da ta biyu ni na amsa, tsoron bulala nake ji. Rugarmu ɗaya, na san ta rasu, amma ba ki ba da izinin magana ba." Na ce to sauran kwanakin fa? Ta ce, "Ai daga nan ni ma zazzaɓin ya kwantar da ni, na fi mako ban zo ba." Da na koma makarantar na tono tsohuwar rajistar a ofis. Lambar Lantana ma ba fashi ko ɗaya. Wataƙila wasu yaran ne suka rufa musu asiri su biyun, haka nake gaya wa kaina. Amma muryar da nake ji daga taga ta biyu ba ta taɓa sauyawa ba, Allah ne masani.

Don haka ka san sunan kowa kafin mako biyu, da sunan da ake kiransa a gida. In ka kira, ka dubi fuskar. Wanda bai zo ba, ana tashi ka je gidansu da ƙafarka, ko hayin rafi ne. Kada ka taɓa hukunta yaro a kan gaskiyar da zai gaya maka, in ka yi sau ɗaya ka rufe bakin ajin duka. Kuma ka zauna a garin, ka sha ruwansu, ka je sunansu da jana'izarsu.

Gyaran bai zo da sauƙi ba. Na sauke kai na je wurin Malam Isiyaku, bai ce mini ai na faɗa miki ba, Allah Ya jiƙansa. Cewa ya yi, "Fitar da su daga ɗakin tukuna, Malama. Bangon ma ya saba da shirun." Na kai su gindin darbejiya, na shimfiɗa buhu na zauna a ƙasa tare da su. Na ce gobe kowa ya zo da wani abu daga gida ya gaya mana labarinsa. Suka zo da shi, wannan ƙaho, wannan mazari, wannan ƙwallon goruba, suka ajiye a gabansu suka naɗe hannu suna jiran in faɗa su maimaita. Na yi kure a allo da gangan, na rubuta biyu da biyu biyar, suka kwafe shi haka nan cikin ladabi. Na koma Baure ranar ina hawaye a bayan mota. Sai da aka yi kusan wata biyu, ran nan ina zana saniya a allo, wata yarinya ta ce a hankali, "Malama, wannan ai jaki ne." Ta toshe bakinta da hannu biyu. Na dubi zanen, wallahi jaki ne. Na fashe da dariya, suka dube ni, suka dubi juna, sannan dariyar ta ɓalle musu. Yaran da suka biyo baya sun same ni wata malama daban, amma waɗannan har suka bar hannuna in na taɓa allo da ƙarfi sai kafaɗunsu su ɗaga.

Saura abu ɗaya, wanda ko babanka ban taɓa gaya wa ba. Kunya ta hana ni zuwa ta'aziyya da wuri, sai da aka fara yankan gero rafi ya janye na tafi rugar. Kakar Dije ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo nono a ƙwarya. Muka yi addu'a. Can ta matso kusa ta ce, "Malama, ke da kika fi mu zama da ita da rana, ba ni labarin ƙawata. Yaya take a makaranta?"

Na lalubi kaina ban sami komai ba. Ban san ko doguwa ce ko gajeriya ba, ban san ko tana da wushirya ba. Wata bakwai tana zaune a gabana. Sai na faɗi abin da na ɗauka kowace kaka za ta so ji. Na ce, "Inna, yarinya ce mai natsuwa. Ko tarinta ban taɓa ji ba."

Tsohuwar ta dube ni. Ta ce, "Dije? Dijen da in ta fara zuba sai mun roƙe ta ta bari mu yi salla? Wadda ta sa wa kowace saniya waƙarta, take ba maruƙa tatsuniya?" Ta girgiza kai a hankali ta ce, "A'a, Malama. Wata dai kike nufi. Tawa ba ta zo ajinki ba ke nan."

Ban iya shan nonon ba. Har yau ban san fuskar yarinyar nan ba, na yi ta roƙon Allah ko a mafarki Ya nuna mini ita in nemi gafararta, bai nuna mini ba. Kai ma wata rana wata uwa ko wata kaka za ta shimfiɗa maka tabarma ta ce ka ba ta labarin ɗanta, Allah Ya sa a kan alheri ne. Ka koyar yadda in ranar ta zo za ka buɗe baki ka faɗi abin da za ta ji ta ce, "Ƙwarai, shi ne."

Allah Ya tsare fitarka da shigarka, Ya kare ka daga zazzaɓin damina, Ya kare 'ya'yan mutane daga hannunka da harshenka, Ya sa su zame maka hujja ranar gobe. Ni kuma in ka yi salla ka sa ni a addu'a, ka sa Dije. Ka gaishe mini da hedimastanku da mai masaukinka.

Wassalamu alaikum.

Taka har kullum,
Umma